Jan Biro a Kan Kundin Auta

Litinin, da hantsi

Auta ta dawo gida jiya da yamma ba tare da ta sanar da kowa ba. Jaka ɗaya ta riƙo, da kwamfutarta, da wani ɗaurin takardu mai kaurin bulo. Na tambaye ta ko hutu aka bayar, ta ce, "Baba, na gaji," ta wuce ɗakinta. Wannan ba amsar tambayata ba ce. Na yi niyyar maimaitawa, sai Hajiya, matata, ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Zan rubuta abin da na sani, domin kada ya cakuɗe da abin da nake zato. Shekara huɗu ke nan tana neman digirin digirgir a kan taurarin niyutiron. An sa ranar da za ta kare kundinta a gaban masu jarrabawa, Alhamis ta ƙarshen watan nan. Da bakinta ta gaya mini a waya cewa wa'adin da jami'a ta ba ta ya cika, kuma idan ba ta tsaya a ranar ba za a soke rajistarta, shekarun huɗu su bi ruwa. Mai irin wannan rana a gabansa ba ya haɗa jaka ya yi tafiyar yini guda zuwa gidan iyayensa.

Abin da nake zato kuwa, ban ga dalilin rubuta shi ba tukuna.

Talata, bayan azahar

Ba ta fito karin kumallo ba. Labulen ɗakinta a sake har rana ta take. Na wuce ta ƙofar sau da dama, domin hanyar ɗakin littattafaina ce, ba don komai ba.

Hajiya ta tare ni a lungun.

"Malam, yarinyar nan ba 'yar ajinka ba ce. Kada ka fara."

"Ban ce komai ba."

"Girarka ta ce."

Na duba madubi daga baya. Ban ga abin da girar ta yi ba.

Laraba, da yamma

Ta bar ɗaurin takardun a kan teburin cin abinci, kusa da gwangwanin sukari. Na matsar da gwangwanin. Takardun ban taɓa su ba.

Mai Lissafi ya zo shan shayi kamar yadda ya saba. Makarantar sakandare guda muka koyar, ni fiziks shi lissafi, tare muka yi ritaya, kuma har yau bai daina kirana da sunan darasina a gaban iyalina ba.

"Fiziks, ina Daktarmu? Na ji an ce ta sauka."

"Tana hutawa."

"Hutawa? 'Yarka? Ashe jinin ya fara tsinkewa."

Ya ce in sake gaya masa abin da take karantawa, wai duk lokacin da na faɗa yana jin kamar ya gane, da ya kai bakin titi sai ya zube. Na yi masa bayani a tsare. Babban tauraro idan makamashinsa ya ƙare yakan fashe, cibiyarsa ta rufta wa kanta. Abin da ya rage ya fi rana nauyi, amma faɗinsa bai wuce na babban birni ba. Cokalin shayi guda na jikinsa ya kai nauyin tsauni. Mai Lissafi ya dubi cokalin da ke hannunsa, ya ajiye a hankali.

"To ita me take nema a ciki?"

Manhajar da na koyar shekara talatin da huɗu a kan atam take tsayawa. Ina ta gaya wa mutane 'yata tana nazarin taurari, ashe ban san tambayar da take yi musu ba.

Alhamis, da hantsi

Na ɗauki kundin da niyyar karanta gabatarwa kawai.

A farkon babi na biyu ta rubuta cewa saurin haske daidai yake da ɗaya. Ɗaya me? Mita? Kilomita? Duk tsawon aikina ban taɓa barin ɗalibi ya wuce da lamba tsirara ba ma'auni a gefenta ba. Gaba kaɗan ta ba da nauyin rana a kilomita: wajen ɗaya da rabi. Nauyi, a kilomita! Na cire tabarau na goge na mayar, rubutun bai sauya ba.

Ban san lokacin da jan biro ya shiga hannuna ba.

Ga yadda na fahimci al'amarin: gajiya ta sa ta yin kurakurai irin na 'yan aji huɗu, ta gano su a ƙurarren lokaci, ta firgita, ta gudo gida. Idan haka ne, abu ne da uba zai iya gyarawa a yini biyu. Tun ranar Lahadi sai yau na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Juma'a, bayan la'asar

Na kai babi na biyar. Hannuna ya yi tsami, amma na fara ganin tambayar.

Gwargwadon yadda ka nutsa cikin irin wannan tauraro, gwargwadon yadda matsi yake ƙaruwa, har a tsakiya cunkoson ya ninka na cibiyar atam. Babu ɗakin gwajin da zai iya haɗa irinsa a duniya, babu wanda zai je ya ɗebo. Tambayar ita ce: abin da ke can tsakiya tauri yake ƙarawa ko laushi? In yana da tauri, tauraron zai ɗauki nauyi mai yawa ya tsaya. In yana da laushi, da an ƙara masa kaɗan zai rufta ya zama baƙin rami. Har nan na bi ta. Daga nan sai ta ce waɗansu sababbin ƙwayoyi masu nauyi suna ɓullowa a tsakiyar, kuma su ne suke kawo laushi. A ƙara wa wuri kaya masu nauyi, ya ƙara laushi? Na sa alamar tambaya uku a gefen shafin, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba.

A ƙarshen babin akwai zane. Layi ya tashi, ya lanƙwasa, ya fara saukowa. A samansa ta ja wani layin a kwance da fensir, daidai kan lamba biyu, ta danne fensirin har takardar ta huje. Ƙololuwar layinta ba ta taɓa na fensirin ba. Tazarar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

Na rubuta a gefe: "Layin bai kai ba. Sake duba lissafi."

Asabar, da safe

Na daidaita takardun, na ɗaure su da sabuwar roba, na ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe. Idanunta sun faɗa. Ta karɓa, ta buɗe tsakiya, ta yi ta juyawa har ta kai zanen. Ta daɗe a wurin fiye da yadda karanta kalma bakwai ke buƙata.

"Na gode, Baba."

Ta rufe ƙofa a hankali.

Ta ce ta gode. A ganina alama ce mai kyau. Hajiya da ta ga jan tawada a gefen hannuna ta ce, "Me ka yi?" Na yi mata bayani. Sai ta ci gaba da goge kofin da ta riga ta goge.

Lahadi, da azahar

Ƙofar a rufe.

Talata, bayan la'asar

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba.

Mun dawo daga asibiti ɗazu. Kujerun wurin jira na roba ne, shuɗɗa, an haɗa su da ƙarfe uku uku, ta tsakiyar tana da tsagewa da ke cizon riga. Agogon bangonsu yana gaba da nawa. Na gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Hajiya ta tattara duk wani magani da ke gidan, har da na hawan jinina, ta kulle a akwatinta. Yanzu sai na roƙa ake ba ni ƙwaya ɗaya. Auta ta ce barci kawai take nema, ba ta ƙirga ƙwayoyin da ta sha ba ne. Likita ya ce zai ɗauka a kan kuskure ne.

Kuskure ne.

Laraba, da hantsi

Hajiya ta mai da katifarta ɗakin Auta. Ta cire sakatar ƙofar da hannunta, da wuƙar kicin, ta lalata kan kusoshin. Na ce akwai sukuddireba a aljihun tebur. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam," irin faɗar da ba addu'a ba ce.

Kuskure ne. Mutumin da bai yi barci ba yakan rasa ƙirga. Na taɓa karanta haka a wani wuri.

Alhamis, da yamma

Na je gidan Mai Lissafi, domin na kasa zama a nawa. Na gaya masa Auta ba ta ji daɗi ba ne, zazzaɓi. Bai yi mini ba'a ba, wanda ya nuna ya ji labari.

Don in cike shirun na ba shi labarin saurin haske da ya zama ɗaya, da nauyin rana a kilomita. Na zaci zai kama baki. Sai ya ɗauki bayan kwalin shayi ya yi layi uku.

"Ɗaya ne mana, in ka zaɓi sandar awon da ta dace. Ka auna tazara da abin da haske ke ci a daƙiƙa guda, saurinsa ya zama ɗaya. Haka manyan suke yi don kada su yi ta jan sifili kamar jela. In ka yi wa jan nauyi irin haka, nauyi ya fito a kilomita. Ba ka sani ba?"

Na ce na sani, na manta ne.

"Fiziks, shafi nawa ka yi wa ja?"

Na ce shayinsa ya yi sanyi.

A hanyar dawowa na wuce kwanar gidanmu, sai da na ga shagon mai walda na lura. Idan waɗancan ba kurakurai ba ne, to me ya koro ta? Kuma me na rubuta a gefen zanen nan, ga wa, a kan me?

Juma'a, da safe

Ta sha shayi a falo. Ta ce ina kwana, na ce lafiya lau. Ban san inda zan sa idona ba, na sa shi a kan kalanda, sai na ga Alhamis ɗin, na ɗauke.

Asabar, bayan azahar

Farfesan da ke duba aikinta ya kira wayata. Ban san inda ya samu lambar ba. Murya ce mai santsi, ya yi gaisuwa doguwa, ya ce ya ji ni ma malamin fiziks ne, don haka zan gane.

"Baba, ƙaramin abu ne. Akwai lamba guda a babi na biyu, ƙarfin da ƙwayoyin suke ture juna da shi. Ba wanda ya san ta daidai. Kowa yana ɗan motsa irinta. In ta ɗaga ta kaɗan, layin ya haura, masu jarrabawa su sa hannu, kowa ya tafi gida. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, taurin kai ne kawai."

Na ce ba ta da lafiya.

"Allah ya sawwaƙe. Shi ya sa nake so a gama. Ka yi mata magana, kai za ta ji."

Ya ƙara da cewa akwai sunansa a kan waɗansu takardu biyu da suka dogara da wannan layin, ya faɗa cikin dariya, kamar abin da ba shi da muhimmanci. Ban gane ko nufinsa ya tausaya mata ba ne, ko in tausaya masa.

Hajiya ta ce wa ya kira. Na ce wani ne ya yi kuskuren lamba. Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba.

Litinin, da hantsi

Mun koma ganin likita. Ya sallame mu waje ya daɗe da ita. Da muka shiga ya ce za ta iya tafiya idan ita take so, kuma idan wani zai raka ta ya zauna da ita. Ya dube ni musamman ya ce, "Baba, kada a tura ta, kada a ja ta." Na ce to in ba turi ba ja, da me jiki zai motsa? Bai yi dariya ba. Auta ce ta sunkuyar da kai, kafaɗarta ta ɗan girgiza.

Talata, bayan la'asar

Yau ta yi mini magana.

Ina zaune a baranda ta baya, ita da mahaifiyarta suna kwashe shanya. Ta zo da zani a kafaɗa ta zauna a kan matakala.

"Baba, ka ba ni sifili a kan nauyin rana."

"An yi mini bayani daga baya."

"Ka rubuta 'Zo ki gan ni' a shafi na arba'in."

"To ga shi kin zo."

Ta yi dariya, gajeriya, amma dariya ce. Hajiya ta tsaya cak da matsen shanya a baki.

Na tambaye ta batun laushin. Ta ce in ɗauka mutane ne aka cusa a ɗaki guda, kowa yana ture na kusa da shi. Turin nan shi yake riƙe tauraron kada ya rufta. Idan matsi ya yi yawa, waɗansu niyutiron sukan rikiɗe su zama wata irin ƙwaya, kamar an buɗe musu ɗaki na biyu. Cunkoso ya ragu, turi ya ragu, rufi ya sauko. Na ce na gane. Na gane wajen rabi.

"To layin fensirin fa?"

"An auna taurari na gaske, Baba. Akwai waɗanda nauyinsu ya ninka na rana sau biyu, har da ɗoriya. Shekara uku layina yana haure biyu. Watan jiya na sa gyara na ƙarshe, wanda ni da kaina na ga ya kamata a sa, sai ya sauko. Ɗaya da ɗigo tara. Taurarin suna can suna juyawa lafiya ƙalau, lissafina yana cewa sun daɗe da ruftawa."

"Kin sake dubawa?"

"Baba."

Ta naɗe zanin gida huɗu, ba daidai ba, na bar shi haka.

Laraba, da safe

Na tashi da tunanin ƙwayar shinkafa. Shekara huɗu, da kujerun roba shuɗɗa, duk a kan tazarar da ba ta kai faɗin farcena ba.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Na same ta a teburin cin abinci ta buɗe kwamfuta, karo na farko tun dawowarta. Hajiya tana kicin. Na ja kujera.

"Farfesanki ya kira ni."

Hannunta ya tsaya.

"Ya ce akwai lamba a babi na biyu. Ya ce ba wanda ya san ta daidai."

"Ba a san ta daidai ba, amma an san iyakarta, an auna a ɗakin gwaji. In na ɗaga ta yadda layin zai kai, na fita daga iyakar. Kuma a can tsakiya sauti zai fi haske gudu."

Na san abin da wannan yake nufi. Ko ɗan aji huɗu na koya wa cewa ba abin da ke wuce haske. Amma na ji bakina yana cewa:

"Wa zai shiga cikin tauraron ya auna?"

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarta ba. Irin wanda ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Kai ne fa ka kori yaro daga ɗakin gwaji don ya matsar da ɗigo guda ya hau kan layi. Ina ajin. Ka ce wanda ya yi wa ɗigo ƙarya zai yi wa gada."

"Wancan yaron ba a ɗauke shi zuwa asibiti ba."

Ban yi niyyar ɗaga murya ba. Na ji cokali ya faɗi a kicin.

Ta rufe kwamfutar. Sannan ta ce, a hankali, "Na ce maka kuskure ne."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, Baba. Ni ma ban sani ba."

Ta ɗauki kwamfutar ta shiga ɗaki. Ƙofar ba ta da sakata, amma ta rufu.

Juma'a, da azahar

Hajiya ta kawo mini ƙwayar maganina ba tare da na roƙa ba. Ta ce, "Ka tsufa, Malam, ka fara ba da satar amsa." Na ce ba wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take yi ba, ta zauna kusa da ni har na shanye ruwan.

Asabar, da hantsi

Tana bugawa. Ana jin ƙarar maɓallan tun daga lungun. Ta fito ta nemi takardun bugawa, na ba ta daga nawa, masu kyaun, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Me take bugawa? Ko ta ɗaga lambar ne? Idan ta ɗaga, za ta wuce, ta samu lafiya, kuma ni na sa ta. Idan ba ta ɗaga ba, za su iya kayar da ita a gaban mutane, kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Ko kuwa takardar janyewa ce take rubutawa? Na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, na rasa wadda zan roƙa. Na ce Allah ya zaɓa, domin ni na kasa.

Lahadi, bayan la'asar

Tana bugawa.

Litinin, da yamma

Mai Lissafi ya leƙo. Auta ta fito ta gaishe shi. Ya ce, "Dakta, an ce babanki ya gyara wa rana nauyi." Ta ce, "Ya rage mata maki ne, Kawu." Suka yi dariya su biyu. Bayan ta shiga ya ce mini, "Za ta je?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Shekara nawa da saninka, yau na fara jin kalmar nan a bakinka."

Talata, da hantsi

Hajiya ta sauke jakar tafiya daga kan kabad, tana goge ƙura. Na ce ina za a? Ta ce ita da Auta, motar safe, gobe. Tun jiya suka yanke shawara, a ɗakin da ke jikin nawa.

Na ce ni zan raka ta. Hajiya ta ce, "Ka je ka gyara wa masu jarrabawa tambaya? Zauna ka ba shukoki ruwa." Ta ciro ƙwayoyina na kwana biyar ta ƙulla a takarda, sauran ta sa a jakarta.

Laraba, bayan azahar

Na kai su tasha. Sabon ɗaurin yana jikinta a cikin leda, ta rungume shi. Ya fi na da sirantaka, ko idona ne. Sun samu kujera a jikin taga. Na tsaya a ƙasa ina gaya wa Hajiya abubuwan da ta riga ta sani game da ruwan sha da cajin waya. Tambayar tana bakina. Auta ta zuge gilashi.

"Baba, ka koma, rana tana dukanka."

"Babi na biyun nan..."

Direba ya danna hon, yaran tasha suka fara ihu, motar ta ja. Na ga bakinta ya motsa, ban ji ba. Na bi motar 'yan taku, na tuna shekaruna, na tsaya.

Gidan ya yi girma. Na ba shukoki ruwa sau biyu, domin ban tabbata na ba su da farko ba.

Alhamis, da hantsi

Yanzu tana ciki, a gaban masu jarrabawa.

Alhamis, bayan la'asar

Mai Lissafi ya zo ya zauna da ni ba tare da na kira shi ba. Mun sa wayar a tsakiyar tebur muna kallonta kamar tukunyar da ta ƙi tafasa. Da ta yi ƙara shi ya fara zabura.

Hajiya ce. Ta ce sun daɗe, har ta gaji da zaman benci ta fara hira da mai shara. Ta ce ga Auta nan.

"Baba."

"Ina jinki."

"Ban taɓa lambar ba. Babi na biyar na sake. Na nuna musu layin yadda yake, na ce bai kai ba, ga kuma dalilin da ya sa duk mai bin wannan hanyar ba zai kai ba."

"Suka ce me?"

"Wata tsohuwa da aka gayyato daga wata jami'ar ta tsare ni a allo har alli ya ƙare. Ta ce rabin hujjata yana tsaye, rabin kuma fata ne kawai. Sun ba ni wata uku in cika rabin, in sauya sunan kundin. Rajistar tana nan."

"Farfesa fa?"

"Ya yi ta duban taga."

Mai Lissafi yana ta jan hannun rigata. "Ta ci ko ta faɗi? Fiziks, ta ci ko ta faɗi?" Na ɗaga masa hannu. Shekara talatin da huɗu gida biyu na sani a takardar sakamako, ban san gidan da wannan zai shiga ba. Na tambaye ta, to me ke cikin tauraron ke nan? Ta ce, "Ba abin da na zata ba ne," ta ci gaba da ba ni labarin tsohuwar da allon, da wata tambaya a kan sauti da ta kusa kayar da ita. Maganar tana fita a daddatse, ban jin rabin kalmomin. Na zaci layin waya ne. Sai na ji ƙarar leda, na ji Hajiya daga nesa tana cewa ta bar wa mutane sauran burodin.

Tauna take yi. A gidan nan ba a magana da abinci a baki, duk 'ya'yana sun sani. Na manna wayar a kunnena sosai, na ce ta maimaita daga farko, ban ji da kyau ba.